YAWON BUƊE IDO A GARURUWAN TARIHI: DAGA YOK ZUWA GWANDU DA KALGO



Akwai wata al'ada da ta zaunu a tsakanin 'yan bokon ƙasar nan tun zamanin En'e. Idan ma'aikaci ya sami zuwa Ingila kwas, ko ɗalibi ya tafi ƙaro ilmi, da wuya ya komo gida bai ware kwanaki ya zaga tsofaffin biranen ƙasar ba. Ya hau jirgin ƙasa daga Landan, cikin sa'a biyu ya sauka Yok, ya hau ganuwa ya kewaya. Kashegari ya shiga safa zuwa Cesta, daga nan ya miƙa arewa har Edinbara. In ya dawo sai ya yi shekara yana ba da labari, har da shekarar da Rumawa suka kafa Yok. Amma a tambayi wannan bawan Allah inda Alwasa take, ko dalilin da ya sa Sarkin Gwandu yake zaune a Birnin Kabi, sai ya yi shiru, alhali kuwa watakila a Kalgo aka yanke cibiyarsa. Abin da wannan lacca za ta duba ke nan: yadda Ingilishi suka mai da tsofaffin garuruwansu abin zuwa gani, da abin da ke akwai na gani a ƙasar Gwandu, da kuma dalilan da suka sa har yanzu ba a zuwa.

Tafiya don ganin ƙasa ba baƙuwar aba ba ce ga Bahaushe, har ma ya rubuta ta. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usmanu suka ziyarci Ingila. Abubakar Imam ya je a 1943, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Abin lura shi ne duk waɗannan tafiye-tafiye waje suka fuskanta. Littafin da zai ɗauki mai karatu daga Kalgo zuwa Gwandu, ya tsaya da shi zango zango yana nuna masa abin da ya auku a kowane wuri, shi ne ba a cika gani a hannun ɗalibai ba.

Yadda abin ya faro a Ingila

Kada a ɗauka Ingilishi da son kayan tarihi aka haife su. Ganuwar Yok da ake alfahari da ita yau, mai tsawon fiye da mil 2, saura ƙiris a rushe ta. A shekarar 1800 hukumar garin da kanta ta nemi izni a majalisa don ta kawar da ita, wai ta tsufa, tana tare hanya, gyaranta kuma yana cin kuɗi. Waɗansu mutanen gari ne suka tashi tsaye suka ƙi, cikinsu har da wani mai zane ana ce da shi William Etty. Duk da haka sai da aka rushe shingayen gaban ƙofofi uku, daga baya kuma aka huda ganuwar don jirgin ƙasa ya shiga. Wanda ya san yadda badalar Kano take ƙarewa a hannun masu yankan fuloti zai gane wannan labari sarai. Bambancin kurum shi ne a Yok masu hanawa sun yi rinjaye tun da sauran abin hanawa.

Abu na biyu shi ne sufuri. Ran 5 ga Yuli, 1841, wani mutum mai suna Thomas Cook ya yi shatar jirgin ƙasa ya ɗebi mutum wajen 500 daga Lesta zuwa wani gari da ke kusa, kowa ya biya sule guda, zuwa da dawowa. Taron masu yaƙi da shan giya ya kai su, amma daga wannan tafiya ce sana'ar shirya wa jama'a yawo ta samo asali. Hikimar ba ta wuce wannan ba: a tara mutane da yawa, a sauƙaƙa kuɗi, a ɗauke musu wahalar neman mota da masauki da abinci, sa'an nan a haɗa su da wanda zai yi musu bayani. Kamfanin da ya kafa ya rayu har 2019 kafin ya durƙushe.

Doka ta biyo baya. A 1882 aka yi dokar farko ta kare tsofaffin wurare, a 1895 kuma waɗansu mutum uku suka kafa ƙungiyar National Trust, wadda take sayen gidaje da filaye na tarihi ta riƙe su amana don jama'a. Har ƙarƙashin ƙasa ba su bari ba. Tsakanin 1976 da 1981 aka tona wata unguwa a tsakiyar Yok aka tarar da gidajen mutanen da suka zauna wurin shekara dubu da suka wuce, da takalmansu da matsefansu, aka gina gidan kallo a kan ramin a 1984. Ashe ke nan abin da baƙo yake biya ya gani a Yok aikin hannu ne na mutanen da suka hana rushewa, suka kawo jirgi, suka rubuta bayani.

Abin da ke akwai a ƙasar Gwandu

To, a ɗauka an cika safa guda da ɗalibai a Kalgo da sassafe. Kalgo ta cancanci zama mafari saboda dalili biyu. Na farko mararraba ce: hanyar Birnin Kabi da ta Jega da ta Bunza zuwa Kamba duk a nan suke haɗuwa, ga kuma mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Bunza. Na biyu, garin yana da matsayi a sarautar Gwandu wanda yawancin masu wucewa ba su sani ba. Hakimin Kalgo shi ake kira Sarkin Gobir, kuma daga wannan kujera ce Yahaya ya zama Sarkin Gwandu a 1938, haka kuma Haruna Rashid a 1954, wanda ya yi shekara 41 a gadon sarauta. Watau a ƙarni na 20 Kalgo ta zama kamar makarantar koyon mulki ga 'ya'yan gidan Abdullahi. Ɗalibin da ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran hakimi a ƙasar Kabi da sunan Gobir, ya riga ya kama hanyar bincike, kuma dattawan garin su ne farkon waɗanda ya kamata ya durƙusa a gabansu.

Daga Kalgo sai Jega. A wannan yanki ne Gimbana take, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Harin da rundunar Gobir ta kai wa Gimbana, da ƙwato kamammun da jama'ar Shehu suka yi sa'ad da aka zo wucewa da su ta kusa da Ɗagel, shi ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ita kanta Jega ɗan Abdussalami ne, Buhari, ya kafa ta, ta kuma zama babbar kasuwa a ƙarni na 19. Wanda ya tsaya a Gimbana ya tsaya a inda wutar ta fara kamawa, amma sau nawa aka taɓa kai 'yan makaranta wurin?

Gwandu ita ce zuciyar tafiyar, a nan ya kamata a daɗe. Garin yana cikin kwari, tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da jan marmara sun kewaye shi, har masana ilmin duwatsu suka sa wa irin wannan shimfiɗar ƙasa sunan Gwandu a littattafansu. An ce sunan daga gandu ya samo asali, wato gonar sarki, tun zamanin Kanta. A watan Afrilu na 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, a cikin shekarar kuma Shehu ya taso daga Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ya sauka Gwandu da jama'arsa. Ba a daɗe ba aka gwabza a Alwasa, inda Gobirawa da Abzinawa da Kabawa suka haɗu suka karya rundunar jama'a, suka biyo ta har bakin Gwandu. Garin ba shi da ganuwa a lokacin. A kan waɗannan tuddai da baƙo zai gani da idonsa aka tare su, aka kore su. Da Gwandu ta faɗi a ran nan, da wuya a ce yau akwai wani abu da ake kira Daular Sakkwato. Bayan wannan ne Muhammadu Bello ya kewaye garin da ganuwa a 1806, kuma daga nan aka shirya yaƙin da ya ci Alƙalawa a 1808. Shekarun da aka fi shan wuya, aka kuma fi samun nasara, a Gwandu aka yi su, tun Sakkwato ba ta zama birni ba.

Sai kuma shi mai garin. Malam Abdullahi mutum ne da ya kamata a tsaya a yi wa ɗalibai bayaninsa a tsanake, domin yawanci abin da suka sani bai wuce cewa ƙanen Shehu ne ba. A 1807, ana tsakiyar nasara, ya ga abin da bai gamshe shi ba na kwaɗayin mulki da tara dukiya a cikin jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a, sa'an nan ya komo. Ma'aikacin hukuma da ke cikin wannan zaure zai iya auna nauyin wannan mataki: waziri ne, kuma babban kwamanda, ya ajiye kome saboda abokan aikinsa sun kauce. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya taho daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar Sakkwato, ya juya ya nufi Gwandu. Tsakaninsu ya yi sanyi har sai da mutanen Kalambaina suka yi tawaye suka matsa wa Gwandu, Bello ya kawo gudunmawa, aka ci garin. A nan ne baffa da ɗa suka sadu, Abdullahi ya yi mubaya'a, Bello kuma ya tabbatar masa da yamma. (Wannan Kalambaina ta kusa da Gwandu ce, kada a rikita ta da wadda ke bakin Sakkwato inda ake yin siminti, ɗalibai da yawa suna faɗawa wannan rami a jarrabawa.) Abdullahi ya rasu a 1829, hubbarensa yana nan cikin garin. Ya bar tafsirin Liya'ut Tawili, da Bahrul Muhiɗi a fannin nahawu, da Tazyinul Waraƙati wanda ya haɗa a 1813, inda ya tsara waƙoƙinsa tare da labarin abin da ya sa aka yi kowace.

Daga wannan ɗan kwari aka riƙa naɗa sarakuna da sasanta rigingimu a Nufe da Ilori da Yawuri, har zuwa Sayi da Liptako, waɗanda yau suke cikin Nijar da Burkina Faso. Zamanin Sarki Halilu, 1833 zuwa 1858, rigimar 'ya'yan Malam Dendo ta Nufe a Gwandu ake yanke ta. A zamanin nasa ne kuma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka garin a watan Mayu na 1853. Halilu bai yarda sun gana ba. Amma a Gwandu ne wani malami ya ba Barth aron Tarihus Sudan, littafin tarihin Sanwai da Tambutu, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ta wannan hanya Turai ta fara sanin littafin, ko da yake Barth ya yi kuskure ya jingina shi ga Ahmad Baba, alhali Abdurrahman Sa'adi ne ya wallafa shi. A duba wannan da kyau: littafin da aka rubuta a Tambutu a ƙarni na 17, a ɗakin karatun wani malamin Gwandu Bature ya same shi. Barth ya kuma yaba albasar garin da ayabarsa, albasa kuwa har gobe ita ce abin da motoci suke ɗauka daga wannan yanki, musamman Aliero.

A kan hanyar komowa sai a tsaya Ambursa, inda sarakunan Gwandu suka koma da zama bayan an kashe Sarki Haliru a yaƙin Kabawa a 1860, don su tsare bakin daga. Yau filin jirgin sama ne ya sa ake ambatonta. Daga nan sai Birnin Kabi, inda aka mai da gadon sarautar a 1906, bayan yaƙin Satiru, sa'ad da Turawa suka tuɓe sarkin da ke kai suka naɗa Haliru Abdu. Amsar tambayar da aka yi tun farko ke nan: Sarkin Gwandu yana zaune a tsohon birnin Kabawa, Sarkin Kabi kuma yana Argungu.

Abin da ya hana

Uzurin da aka fi kawowa shi ne Turawa da dutse suka yi gini, nan kuwa da ƙasa, ƙasa kuma ba ta jure damina. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Surame, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, da dutse aka yi ganuwarta, tana nan a cikin daji a Jihar Sakkwato, an sa ta cikin kayan tarihin ƙasa tun 1964, amma mutum nawa ne a wannan zaure suka taɓa taka ta? Ginin ƙasa kuwa yana rayuwa muddin ana yi masa yaɓe, kamar yadda mutanen Jenne ta Mali suke fita kowace shekara su shafe masallacinsu. Abin da yake kashe ganuwa shi ne ranar da aka daina aikin gayya a kanta, aka fara ɗibar ƙasarta ana yin tubali. Wani abin kuma, son siminti ya sa ana rushe tsohon masallaci ko zaure a gina sabo, a ɗauka an girmama wurin. Niyyar tana da kyau, amma abin da aka rushe ba ya dawowa.

Jirgin ƙasa kuwa babu shi. Ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, bai ƙara gaba ba. Turawa gyaɗa da auduga suka shimfiɗa wa dogo, ba su shimfiɗa shi don kowa ya je ganin hubbare ba. Saboda haka rabin abin da ya ɗaukaka yawon Ingila ba ya samuwa a Kabi, sai dai mota. Wannan bai kamata ya zama abin kuka ba, domin wuraren da aka lissafa kusa suke da juna: daga Birnin Kabi zuwa Gwandu bai fi kimanin kilomita 50 ba, kuma duk kewayen ana iya gama shi a yini biyu. Matsalar da ta fi wannan nauyi ita ce tsaro. Harin da aka kai Mera ta ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024 ya nuna cewa ba kowace hanya ce shugaban makaranta zai saki ɗalibansa su bi ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a koyonsu daga Ingila. Na ɗaya, hubbare ba gidan kallo ba ne. Mutanen da suke zuwa kabarin Malam Abdullahi ziyara suke zuwa yi, su yi addu'a su tafi, malamai kuma suna da maganganu a kan abin da ya halatta a yi a kabari da abin da bai halatta ba. Duk wanda zai kawo safa cike da matasa masu ɗaukar hoto da waya, wajibi ne ya fara zama da masu kula da wurin da fadar Gwandu, a yarda da iyaka. Sayar da tikiti a ƙofar hubbare, yadda ake yi a waɗansu manyan majami'un Ingila, ba zai karɓu ba, bai ma kamata a gwada ba.

Na biyu ya fi wuya. Tarihin nan yana da ɓangare biyu, kuma jikokin kowane ɓangare suna raye, suna aiki a ofis ɗaya a Birnin Kabi tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Abin da mutumin Gwandu zai kira cin Birnin Kabi, Bakabe zai kira shi rasa gida. Tashin Yakubu Nabame a 1849, a wurin wani tawaye ne, a wurin wani kuwa ƙwatar 'yanci. Mai bayanin da ya tsaya a Alwasa ya ba da rabin labari ya yi ɓarna fiye da wanda bai ce kome ba. Don haka tafiyar ba ta cika sai an ƙarasa Argungu, an shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mai da ma'ajiyar kayan tarihi a 1958, an ji yadda Kabawa suke ba da nasu. Bikin kamun kifin da ya sa duniya ta san Argungu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, shi kansa daga sulhu ya tsiro, wato ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ya kai garin a 1934.

Aikin da ya rage ba na miliyoyi ba ne tukuna. Abin da ya fi gaggawa shi ne a bi sawun ganuwar Gwandu a auna abin da ya saura, a zana taswirarsa, hukumar filaye ta hana yanka fuloti a kai. A kafa alluna da boko da ajami da Turanci a Gimbana da Alwasa da Kalambaina da Ambursa, kowane da shekara da abin da ya faru cikin layi biyar. Littattafan da ke hannun gidajen malamai a ɗauki hotonsu a inda suke, a bar wa masu su kayansu, domin tsoron kada a karɓe ba a mayar ba shi ya sa da yawa suke ɓoyewa. Kayan rubuta ɗan littafin jagora kuwa suna nan: Mervyn Hiskett ya buga Tazyinul Waraƙati da fassara a Ibadan a 1963, Murray Last ya fitar da littafinsa a kan daular a 1967, S. A. Balogun ya rubuta kundin digirinsa a kan masarautun Gwandu a 1970. Kusan duka da Turanci suke, kuma a ɗakunan karatu suke kwance. Sassan Hausa da na Tarihi su ne za su juya su zuwa shafi 40 da ɗan sakandare zai iya karantawa a cikin mota, su kuma horar da ɗalibansu 'yan asalin waɗannan garuruwa su zama masu bayani, a biya su ladan yini. Jami'ar da ke Kalgo tana da motocin ɗaukar ɗalibai. Lokacin da ya dace shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, hanyoyin ƙauye sun bushe, kafin zafin bazara ya sauka.